Wasiƙa daga Dammam kan maganin sikila da ake ta yaɗa labarinsa

Dammam, Saudiyya

Zuwa ga aminina Malam Habibu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, da Hajiya Babba da maiɗakinka da yara baki ɗaya. Yaya jikin Nana? Allah Ya ƙara mata sauƙi, ku kuma Ya ba ku ladan jinya.

Saƙonka ya same ni, tare da labarin da aka turo maka ta WhatsApp cewa an samu maganin sikila a Saudiyya, kuma na fahimci nauyin da ke zuciyarka da har ka tambaye ni ko ka sayar da gonar gado ka kawo Nana nan. Na ga ya fi dacewa in amsa maka a rubuce, domin magana ce da ke son natsuwa, kuma ina so maiɗakinka ita ma ta karanta. Labarin gaskiya ne, amma ina roƙonka kada ka sayar da gonar. Ga dalilina, kuma sai ka yi haƙuri da ni in faro daga tushe, domin wanda ya san yadda maganin yake aiki ba za a ruɗe shi da talla ba.

Ƙwayoyin jikin ɗan Adam suna ɗauke da kundin gado iri ɗaya, wato DNA, mai ƙwayoyin gado kimanin 20,000 da ke ba da umarnin haɗa furotin. Kundin da ke cikin ƙwayar hanta shi ne ke cikin ƙwayar ido, abin da ya bambanta su kawai shi ne shafin da ake karantawa da wanda aka rufe. Ka ɗauka kundi ne a fada wanda ba ya fita daga ɗakin ajiya: magatakarda yana kwafe shafin da ake bukata, ya ba ɗan aike ya kai wa maƙera, su kuma su ƙera abin da aka rubuta. Wannan ɗan aiken shi ne nau'in RNA mai kai saƙo. Idan aka hana magatakarda buɗe shafin, ko aka tare ɗan aiken a hanya, to ƙwayar gadon tana nan daram amma an rufe mata baki, ba abin da za a ƙera da umarninta. A kan wannan ne fannin rufe bakin ƙwayoyin gado gaba ɗaya ya ginu.

An fara cin karo da lamarin ne ba da niyya ba. A 1990 wasu masu binciken tsirrai a Amurka suka ƙara wa furen fetuniya ƙwayar gadon launi domin ya ƙara duhu, sai furanni da dama suka fito farare ko masu dabbare-dabbare. Ba a gane sirrin ba sai a 1998, lokacin da Andrew Fire da Craig Mello suka nuna a jikin wata 'yar tsutsa cewa RNA mai zare biyu yana sa ƙwayar jiki ta farauci ɗan aiken da ya yi daidai da shi ta daddatse shi. Sun sami kyautar Nobel a 2006, amma sai da aka shekara 20 cif da ganowar kafin maganin farko ya fito, wato patisiran a 2018, na wata cutar gado da ke lalata jijiyoyi. Bayansa aka sami inclisiran, allurar da ke rage kitsen jini, wadda bayan allurai biyun farko ake yin ta sau biyu kacal a shekara. Ka riƙe abu ɗaya a nan, domin zai yi mana amfani a gaba: waɗannan magunguna a hanta suke aiki, saboda hanta ce ke saurin zuƙe abin da aka zuba a jini. Isar da irinsu cikin ɓargo, inda ake haɗa jini, har yanzu shi ne babban ƙalubale.

Yanzu sai batun Nana. Sikila ta samo asali ne daga sauyin harafi ɗaya tak a ƙwayar gadon himogulobin, furotin ɗin da ke ɗaukar iskar numfashi a jini. Idan iskar ta yi ƙaranci, sai wannan himogulobin ya daskare ya yi tsinke-tsinke, jar ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan hanyoyin jini, ta kuma mutu cikin kwana 10 zuwa 20 maimakon kwana 120. Amma ka tuna cewa Nana ba ta nuna alamar komai ba a watanninta na farko. Wata likitar yara a New York, Janet Watson, ta lura da haka tun 1948, ta kuma danganta shi da himogulobin na jarirai, wanda ɗan tayi ke amfani da shi a ciki, kuma ba ya daskarewa. Bayan haihuwa jiki da kansa yake rufe bakin ƙwayar gadon wannan himogulobin a hankali, ya buɗe ta manya, shi ya sa ciwon ke fara bayyana wajen wata 6. Ma'ana, lafiyayyen shafin yana nan a jikin kowane mai sikila, rufe shi kawai aka yi.

Wannan yankin da nake aiki yana da hannu a fahimtar lamarin, kuma abin yana burge ni duk lokacin da na duba sakamakon gwajin jini a ɗakin aikinmu. Tun shekarun 1970 likitocin da ke aiki a Dahran suka ba da rahoton cewa masu sikila na gabashin Saudiyya, mutanen Ƙaɗif da Ahsa, ciwonsu ya fi sauƙi a ƙuruciya idan aka kwatanta da na 'yan Afirka. Dalili shi ne jikinsu bai gama rufe himogulobin na jarirai ba, yana barin kaso mai tsoka har girma. A kudu maso yammacin ƙasar kuwa, wajen Jizan da Asir, nau'in da ya fi yawa shi ne wanda masana ke kira na Benin, irin namu na Najeriya, kuma wahalarsu irin tamu ce. Ba ina nufin mutanen gabas sun tsira ba, domin manyansu suna fama da ciwon ƙashi da lalacewar ƙugu, sai dai sun zama hujja a fili cewa ƙarin himogulobin na jarirai yana sassauta cutar.

Abin da ya rage shi ne a gano wa ke rufe shafin. A 2008 ɗakin binciken Stuart Orkin a Boston ya nuna cewa wata ƙwayar gado ce mai suna BCL11A, a 2013 kuma suka gano ɗan gurbin da ke kunna ta a cikin ƙwayoyin jini kaɗai. Daga nan dabarar ta fito sarari: a rufe bakin mai rufe baki, sai shafin jarirai ya sake buɗewa. Wasu likitoci a Boston sun gwada hakan ta hanyar tare ɗan aiken BCL11A da RNA, sakamakon ya yi kyau. Wasu kuma suka yi amfani da CRISPR, almakashin DNA da ya jawo wa Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier kyautar Nobel a 2020, suka yanke gurbin da ke kunna ta. Wannan na biyun shi ne Casgevy da ka ji labarinsa. Ingila ta amince da shi a Nuwamban 2023, Amurka a Disamba, Saudiyya kuma a Janairun 2024. A gwajin da hukumar Amurka ta duba, mutum 29 cikin 31 sun yi aƙalla shekara guda ba tare da mummunan tashin ciwo ba. Ni da na ga yadda samari ke murƙususu a gadon asibiti, ba zan raina wannan adadin ba, ni'ima ce babba daga Allah.

To amma ga abin da masu yaɗa labarin ba su faɗa ba. An fara amincewa da maganin ne ga masu shekara 12 zuwa sama, Nana kuwa shekararta 7. Kuma ba allura ba ce da za a yi wa mutum ya koma gida. Sai an tatso ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin majinyaci, wani lokaci a zama fiye da ɗaya, a aika da su waje a gyara, a jira watanni, sannan a ba shi busulfan, magani mai ƙarfi irin na ciwon daji, domin ya share tsohon ɓargo kafin a mayar masa da gyararrun ƙwayoyin. A wannan tsakanin zai yi makonni a killace ba shi da garkuwar jiki, kuma busulfan yana iya hana haihuwa har abada, abin da ba ƙaramin al'amari ba ne ga 'ya mace ko ɗa namiji a wurinmu. Farashinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne, ban da kuɗin asibiti. Gonarka da gonakin danginmu duka ba za su kama ƙafar wannan kuɗin ba, don haka duk wanda ya ce maka ka turo kuɗin ajiye gurbi, ka nisance shi.

Akwai wani ɓangare na binciken da ba a cika yayata shi ba, alhali ya fi kusa da rayuwar Nana ta yau da kullum, wato yadda ƙwayoyin jiki ke aika wa juna saƙo. Fatar cikin jijiyar jini tana fitar da wata iska mai suna naitirik okusayid, wadda ke gaya wa naman jijiyar ya saki jiki domin jini ya wuce. Gano wannan saƙon ne ya sa aka ba masana uku kyautar Nobel a 1998. A jikin mai sikila, jajayen ƙwayoyin da ke fashewa suna zubar da himogulobin a cikin jini, shi kuma yana cinye wannan iskar kafin saƙon ya isa, sai jijiya ta tsuke, bangonta ya yi danƙo, fararen ƙwayoyin jini su manne, hanya ta ƙara toshewa. Masana suna danganta wannan da gyambon ƙafa da hawan jinin huhu da ake gani a wasu majinyata. An yi ƙoƙarin haɗa magunguna a kan wannan sani, ba duka suka yi nasara ba: crizanlizumab, wanda ke hana mannewar, Tarayyar Turai ta janye amincewarta da shi a 2023 bayan babban gwaji bai nuna fa'idarsa ba. Wannan ne ya sa nake jin tsoron gaggawa a kan kowane sabon abu, komai daɗin labarinsa.

Abin da nake so ka mayar da hankali a kansa shi ne hydroxyurea. Tsohon magani ne, ana sha ta baki, Amurka ta amince da shi ga masu sikila tun 1998, kuma aikinsa na farko shi ne ƙara himogulobin na jarirai, wato ƙofa ɗaya suke ƙwanƙwasawa da Casgevy, sai dai shi ba ya warkarwa, sassautawa yake yi muddin ana sha. Yana kuma rage fararen ƙwayoyin jinin da ke taya toshe hanya. Ba maganar nesa ba ce: a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da wasu asibitocin Kano da Kaduna aka yi gwaji a kan yaran da na'ura ta nuna suna cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki, aka kuma buga sakamakon a 2022, inda ba a ga bambanci tsakanin ƙaramin awo da matsakaici ba wajen kare su. Yaranmu ne, likitocinmu ne, kuma ina takaicin yadda iyaye da yawa ke jin cewa ana amfani da shi wajen maganin ciwon daji su tsorata su ƙi shi. Ka kai Nana asibitin masu sikila, ka nemi a yi mata gwajin gudun jinin ƙwaƙwalwa, wanda ake ɗora na'ura a gefen kai ba tare da huda ba, sannan ka tambayi likitanta ko ya dace ta fara sha. Kada ka saya mata a kemis da kanka, domin sai ana auna jininta lokaci zuwa lokaci. Ku kuma ci gaba da gidan sauro da rigakafi da yawan shan ruwa, zazzaɓi kuwa kada a kwana da shi a gida.

Idan ciwon ya tsananta duk da haka, akwai dashen ɓargo daga ɗan'uwa shaƙiƙi wanda jininsu ya dace, an daɗe ana yin sa a Riyad, a Najeriya ma an fara a Benin tun 2011. Shi ma yana da haɗarinsa, amma magana ce da za a iya zama a yi da likita. Game da gaba kuwa, a 2019 cibiyoyin binciken lafiya na Amurka da gidauniyar Gates sun yi alkawarin dala miliyan 200 domin neman hanyar gyara ƙwayar gado mai sauƙi da araha ga sikila da cutar ƙanjamau, da niyyar ta isa Afirka. Burin shi ne a kai gyaran cikin ɓargo kai tsaye ba tare da share shi ba, matsalar nan ta isarwa da na ambata. Ina da kyakkyawan zato cewa Nana za ta riski wannan zamanin, shi ya sa nake so ta isa can ƙwaƙwalwarta da ƙodarta da ƙashinta ba su lalace ba.

Sai batun ƙanenka da ka ce an sa masa rana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 masu sikila a Najeriya duk shekara. A nan, tun 2004 gwajin jini kafin aure ya zama wajibi ga 'yan ƙasa, kuma idan na je Makka ko Jidda nakan ja hankalin 'yan'uwanmu Hausawa mazauna can da su riƙa yi tun kafin magana ta yi nisa, musamman da yake auren zumunci ya yi yawa a tsakaninsu. Idan shi da yarinyar duk AS ne, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na zama SS. Tunda cutar tana gidanku, ka sa su yi gwajin a asibitin da aka yarda da shi, su maimaita a wani wurin, kafin a kai kayan lefe.

Idan ka karɓi sakamakon gwajin Nana ka turo mini hotonsa, musamman adadin himogulobin na jarirai, in duba in gaya maka tambayoyin da za ka yi wa likitanta. Ka gaishe mini da Hajiya Babba, ka roƙa mini addu'arta, da maiɗakinka da duk abokanmu na unguwa.

Wassalam.

Naka amini,
Aminu