Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Ilimi: a nuna mana yadda za mu taimaki yaranmu

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Ni uba ne, ƴata tana aji biyar a firamare. Kusan shekara guda ni ke yi mata homwok ɗin lissafi da dare, da ta kafe a wani waje ta fara taunar gindin fensir sai in ce kawo nan, minti biyu na gama, washegari ta dawo da goma bisa goma muna ta murna. Jarabawa ta zo, babu ni a aji, yarinya ta faɗi warwas. Wallahi ranar ban iya barci ba, don na san da hannuna a ciki.

Kuma ba ni kaɗai ba ne. A 2009 wasu masu bincike biyu, Nancy Hill da Diana Tyson, sun tattara bincike har 50 kan yaran ƙaramar sakandare, suka ga abin da ya fi tafiya da sakamako mai kyau shi ne iyaye su riƙa hira da yaro kan amfanin karatu da abin da yake son zama da yadda zai tsara karatunsa, shi kuwa taya aikin gida kai tsaye bai nuna wannan alherin ba. Tun 1966 ma rahoton Coleman a Amurka, da ya duba ɗalibai sama da 600,000, ya nuna gidan da yaro ya fito yana da nauyi sosai a kan sakamakonsa. Lokacin korona a 2020 da UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ce rufe makarantu ya shafi ɗalibai sama da biliyan 1.5, ai kowa ya gani a gidansa, yaron da bai saba buɗe littafi da kansa ba ajiye shi ya yi gaba ɗaya.

To amma ranka ya daɗe, wa ya taɓa koya mana wannan? Makaranta ba ta kiran iyaye sai maganar kuɗi ko yaro ya yi laifi.

Roƙona, a sa kowace makaranta ta ware ko rabin awa ne a mitin ɗin iyaye kowane zango, malami ya nuna mana a aikace irin tambayar da za mu yi wa yaro da lokacin da ya kamata mu yi shiru mu bar shi ya gwada. Uwar da ba ta yi boko ba ma za ta iya cewa karanta min in ji, ko me aka koya muku yau. Sannan a sa wa malamai ido kan irin aikin gidan da kowa ya san babba ne kawai zai iya yi, kuma a koya wa yaran tsara lokacinsu da duba kuskurensu da kansu.

Yanzu zama nake kusa da ita hannuna a aljihu. Jiya sau uku tana gogewa kafin ta samu amsa, ban taɓa fensir ɗin ba, amma fa sai da na daure.

Allah ya taya riƙo.

Naka,
Wani uba