Barka da Sallah daga Helsinki

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Baba da Inna, barkanku da Sallah, barkanmu da shan ruwa. Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana. Ina fata kuna lafiya, ku da Yaya da iyalinsa da Auta.

A nan Finland Sallah ba ranar hutu ba ce, cikin kwanakin hutuna na ciri yau. Shi ya sa na samu sukunin amsa tambayar da Inna take yi mini a kowace waya: wai ina fita kuwa, ko kullum ina ƙunshe a ɗaki da kwamfuta?

Sanyin da kuke jiye mini da sauƙi, tufafi masu kauri suna maganinsa, gidaje kuma da ɗumi. Duhu ne mai wuyar. A ƙarshen Disamba sai bayan ƙarfe 9 rana take fitowa, da ƙarfe 3 da 'yan mintuna ta faɗi, hasken bai cika awa 6 ba. Azahar da La'asar da Magariba duk a ofis suke riskata, kusa da kusa, kafin in naɗe darduma in zauna wani lokacin ya shiga. Mutane suna shan ƙwayar bitamin D saboda ƙarancin rana, kuma suna rataya wani ɗan abu mai ƙyalli a jikin riga don direba ya hango su da dare. Ni ma nawa yana nan a aljihun kwat.

Aikin kansa na rubuta manhajar kwamfuta, Baba, ya fi yadda ake ganinsa cuɗanya da mutane. Kowace safiya muna taron minti 15, kowa ya faɗi abin da ya yi jiya, da wanda zai yi yau, da inda ya cije masa. Daga nan karatu ya fi rubutu yawa, domin sai na fahimci abin da wani ya rubuta shekaru da suka wuce kafin in taɓa layi ɗaya. Idan na gama, dole wani abokin aiki ya duba, ya yi gyara, sannan a haɗa da babbar manhajar. Wannan dubawar ce na fi daraja a sana'ar, saboda ta hana mutum ɗaukar kansa gwani. Abin da muke ajiye tarihin kowane canji da shi Git ake kiransa, Linus Torvalds ne ya ƙirƙiro shi a 2005. Shi ne kuma ya fara Linux, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki, wadda nake wucewa ta gefenta a taragon cikin gari. Auta, wayar Android da ke hannunki a kan Linux ɗin nan aka gina ta.

Ana saura kwanaki Kirsimeti muka daina shigar da sabon abu cikin manhaja, don kada a ɓallo matsala alhali kowa ya tafi wajen danginsa. Amma dole a bar mai gadi, wanda zai kwana da waya a gefen kai. Ni na karɓa. Wani dare ƙararrawa ta tashe ni, ashe ma'ajiyar wata sabar ce, wato kwamfutar da ke yi wa sauran hidima ta intanet, ta cika da bayanan da take rubutawa game da kanta, har ta kasa amsa kowa. Na share tsofaffin, na ƙara mata wuri, na rubuta abin da ya faru don a gyara tushensa, na koma barci. Abokin aikin da na tsaya wa a lokacin, shi ne yau ya riƙe mini wayar, tun ban roƙe shi ba. Abin ya yi mini daɗi ƙwarai.

Yawancin abokan aikina da sun tashi daga aiki wani allon suke komawa. Akwai wasan warware matsaloli mai suna Advent of Code da Eric Wastl ya fara a 2015, daga 1 ga Disamba kullum a saki sabuwar tambaya. Na taɓa kaɗan, yana wasa ƙwaƙwalwa, amma a ganina wanda ya yini a gaban allo bai huta ba idan ya kwana a gabansa, balle a wata mai duhu irin wannan. Sai na nemi abin da zai sa hannuna da ƙafata aiki.

Akwai wani ɗakin karatu a tsakiyar gari, Oodi, da aka buɗe a Disambar 2018, yana fuskantar majalisar dokoki. Ban da littattafai, a bene na biyu akwai kekunan ɗinki da kowa zai iya amfani da su kyauta. Can na koyi zura zare da daidaita ƙafar keke. Na fara da rage tsawon wando, daga baya na ɗinka wa kwamfutata jaka da wani tsohon yadi mai kauri. Layin farko ya karkace, na warware shi da allura a hankali, na sake, har ya miƙe. Inna, da kun ga jakar da kun yaba.

A Fabrairu na ɗauki makon hutun hunturu, wanda ma'aikata da yawa suke ɗauka lokacin da 'yan makaranta suke nasu. Na koyi zamiya a kan dusar ƙanƙara a Paloheinä, arewacin gari, inda aka jera fitilu a kan hanyoyin cikin daji don masu zuwa bayan aiki. Ana maƙala dogayen katakai biyu a ƙafa, a riƙe sanduna biyu, a bi wasu layuka da mota ta riga ta zana. Kafin mutum ya yi nisa gumi ya jiƙa shi, ga numfashi yana fita kamar hayaƙi. Da azumi ya kama sai na mayar da fitar bayan buɗa-baki. Ranakun da na je, barcina ya fi nauyi, washegari kuma aiki ya fi tafiya.

Azumin bana bai yi tsawo ba, kuma da yake yana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, na gaba zai ƙara shiga cikin hunturu. Yanzu dare da rana sun kusa daidaita, ƙanƙara ta fara narkewa.

Auta, kin ce kina son koyon wannan aiki. Jami'ar Helsinki tana da darasin Python, wani yaren rubuta manhaja, kyauta a intanet, da Turanci. Ki fara, ki riƙa turo mini abin da kika rubuta ina duba miki, amma da sharaɗin ba za ki bar karatun makaranta ba.

Baba, yanzu awa ɗaya muke gabanku, amma daga Lahadin ƙarshe ta Maris za a tura agogo ya zama awa biyu, don haka zan riƙa kira da wuri kafin dare ya yi mini. A gaishe mini da su Kawu da Gwaggo da maƙwabta, a kuma ci gaba da sa ni a addu'a.

Ɗanku.