Inna, mun yi arba'in a Kumasi

Aboabo, Kumasi, Gana
Daren Talata, watan Nuwamba

Zuwa ga Innata,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fatan kina lafiya, ke da Baba da duk mutanen gida. Yaya ƙafar taki? Yaya aka ji da aikin kaka, dawa ta yi kyau bana? Mu nan ƙalau muke, sai godiya. Auta, na san kai za ka karanta mata takardar nan. Ka bi ta a hankali, kada ka tsallake ko layi ɗaya don kana saurin tafiya ƙwallo, zan tambaye ta.

Na ga gara in rubuto, don a waya maganarmu ba ta wuce gaisuwa, ke kina tsaye gindin tsamiya kina neman sabis, ni kuma ina lissafin kati. Wani ɗan'uwa da ke fataucin goro zai taso jibi, shi zai bar miki ita a hannun Kawu a Malumfashi.

Jiya Litinin muka yi arba'in. Na san abin da ya hana ki barci tun da cikin nan ya tsufa: wa zai yi wa 'yarki wanka a ƙasar da ba ta da uwa ba ta da gwaggo? Ni ma na yi wannan kukan, ban gaya miki ba ne kawai. Haihuwa biyu na yi a ɗakinki, ban taɓa sanin nawa ake sayar da itacen dafa ruwa ba. To ga yadda Allah ya yi.

Gidan da muke haya na wata Hajiya ce, dattijuwa, mai sayar da koko da ƙosai a ƙofar gida. Ranar da muka tare, da ta ji cewa maigidana fasto ne, sai ta yi shiru tana kallonsa, ta ce, "Bahaushe kuma fasto?" Ba ta taɓa gani ba. A nan Zango in an ce Bahaushe an gama magana, Musulmi ne. Wata uku tana amsa gaisuwata da baki ɗaya. Amma daren da naƙuda ta kama ni, Malam yana can wajen addu'ar dare, wuta kuma an ɗauke, ita ce ta ji nishina ta bango. Ta taso da tocila, ta tayar da jikanta ya nemo mota, ta riƙe ni har asibiti. Da aka sallame mu, kafin asuba sai na ji ana hura wuta a tsakar gida. Na leƙa, ga tukunya a kan murhu, ga ganyen darbejiya ta tsinko. Ta ce, "Fito, 'yar nan. Uwarki ba ta nan, ni ina nan." Haka ta yi mini safe da yamma, tsakanin sallarta da suyar ƙosanta, har jiya. Hannunta ya fi naki zafi, Inna, kada ki ji haushi. Kunun kanwa ne kawai suka yi sa-in-sa a kansa da nas, don ita nas ta ce kanwa da yawa tana taɓa zuciyar mai jego. Hajiya ta rage, tana mita.

Na kawo mata turmin atamfa da sabulu, ta ce in ban mayar da su ɗaki ba za mu ɓata.

Ranar suna kuwa abin dariya aka yi. Yarinya ta zo ranar Alhamis, ni da Hajiya muka ce Lami. Maƙwabtanmu Tonawa, wato Asantawa masu garin, suka ce a'a, Yaa ce, don su ma sunan rana suke bi kamar mu: macen Lahadi Akosua, ta Juma'a Afua, ta Asabar Ama. Malam ya yi addu'a ya raɗa mata sunanki, kamar yadda ya yi alkawari. Yanzu tana da suna uku, kowa na kiran wanda ya ga dama. Mutanen ikkilisiya suka zauna ta wannan gefe suna waƙa, 'yan'uwan Hajiya ta wancan gefe, aka raba goro, aka ci waake. Kin san waake? Shinkafa da wake ce tamu, sunan ma namu ne suka karkata shi, sai dai suna dafa ta da karan dawa ja har ta yi launi.

Kin tambaye ni mutum nawa muke yi a sujada, don matan zumunta suna tambayarki. Ki gaya musu gaskiya, kada ki ƙara. Ranar da aka cika, manya 31 ne, ban da yara. Ranar da aka yi ruwa, ko aka yi babbar jana'iza a gari, mukan koma 12. Ba mu da gini. Ajin wata makaranta muke haya ran Lahadi, mu ture bencina, mu share alli, Malam ya ɗora Littafi Mai Tsarki a kan teburin malamin aji. Garin nan kuwa ba majami'u ya rasa ba. Kowane lungu akwai, da lasifika da ganguna, wasu har gari ya waye suna abu ɗaya. Da farko na ce wa Malam, to mu me aka aiko mu yi a nan, kai gishiri teku? Sai da muka zauna na gane. Duk waɗannan da yaren Tuwi ko Turanci suke yi. Mutanen arewacin Gana da suka zo ci-rani, Farafara da Kusasi da Mamfurusi da Busanga, da Mosawa daga Burkina Faso, in sun shiga can a baya suke zama kamar kurame. Kowa da yarensa, amma kasuwa ta koya wa yawancinsu Hausa. Shi ya sa ake sujada da Hausa a ajinmu alhali Hausawan asali a ciki mu ne kawai da wani tela ɗaya.

Akwai abin da nake so ki sa a addu'a. A garin Bawku, can arewa kusa da iyaka, Kusasi da Mamfurusi sun daɗe suna rikici a kan sarauta, ana rasa rayuka. Muna da mutanen ɓangarorin biyu. Duk ranar da aka ji wani abu ya faru a can, ran Lahadi sai ka ga benci ya rabu, waɗannan dama, waɗancan hagu, ba mai kallon wani. Akwai Lahadin da Malam ya ajiye wa'azin da ya kwana yana shiryawa, ya ce yau ba zai ba da jibin Ubangiji ba sai kowa ya tashi ya gaisa da ɗan'uwansa. Aka yi tsit. Ni gabana faɗuwa yake, na ce yau ikkilisiya ta watse. Wata tsohuwa ce ta fara tashi, da sandarta. Mutum biyu dai sun fita, har yau ɗaya bai dawo ba, Malam yana bin sa gida.

Ni nawa aikin ya fi yawa ran Laraba da dare. Kin ji labarin Kejetia, babbar kasuwar Kumasi. Gani ya kori ji, Inna, in kika saki hannun yaro a ciki sai dai Allah. A can akwai 'yan mata masu dako da ake kira kayaye, rabin sunan ma daga kalmarmu ta "kaya" yake. Da babban daro suke yawo, su ɗauki buhun da namiji zai yi nishi a ƙarƙashinsa, wasu da goyo a baya. Daga ƙauyukan wajen Tamale da Walewale suke zuwa, su tara kuɗin kayan ɗaki ko na makaranta. Da dare su kwana su goma a ɗaki ɗaya na katako, wasu a barandar shaguna. Su nake koya wa karatu da lissafi a zauren Hajiya, don a daina cutarsu wajen canji. Yawancinsu Musulmi ne. Kafin mu fara, Malam ya ɗauki goro ya je wajen mai unguwa da limamin masallacinmu, ya faɗa musu ko shi wane ne da abin da za a koyar, bai ɓoye komai ba. Duk da haka an yi ƙananan maganganu, wai muna sayen yara da alli. Hajiya ce ta tare su. Ta ce ai babban limamin ƙasar nan, Shehu Usmanu Nuhu Sharubutu, da kansa ya shiga cocin Katolika a Akra ranar Ista ta 2019, yana da shekara ɗari a duniya, bai fito ya zama Kirista ba. Su wane ne su da za su fi shi tsoron Allah? Tun daga nan ita ma take zama a bakin zaure da carbinta, tana jin duk abin da nake faɗa. Ni hakan ya fi mini kwanciyar hankali.

Ba zan yi miki ƙarya ba, wani lokaci rahoton da Malam ke aikawa ofis yakan dame ni. Takardar tana tambayar mutum nawa suka tuba, nawa aka yi wa baftisma. Ba ta da gurbin rubuta cewa yarinya ta iya rubuta sunanta, ko an kai wata asibiti da tsakar dare. Baftisma huɗu muka yi a shekara biyu. Wanda ke zaune a ofis zai ga huɗu ya girgiza kai.

Kafin in haihu Malam ya kai ni Adum, tsakiyar gari, na ga majami'ar da aka sa wa sunan Ramseyer, wani Bature ɗan mishan na Basel. A 1869 mayaƙan Asante suka kama shi da matarsa da jaririnsu, aka taso su a ƙafa zuwa Kumasi, yaron ya rasu a hanya. Sai 1874 aka sake su, kuma a 1896 suka sake dawowa garin da ƙafarsu. Malam yana ta ba ni labarin mijin, ni kuwa hankalina na kan matar. An ce ta haihu a nan tana tsare. Na tsaya da cikina a gaba ina tunanin wace ce ta dafa mata ruwa.

To, ga maganar da nake ta kewaye. Inna, ba za mu zo Kirsimeti ba. Na san na yi miki alkawari, na san kin ware zakara. Dalili biyu ne. Na farko kuɗi: a nan mai gida yakan karɓi hayar shekara ɗaya ko biyu a dunƙule, namu zai ƙare a Janairu, kuma abin da ake aiko mana daga gida da naira yake zuwa, kafin a juya shi ya zama sidi ya narke, wani watan ma sai ya makara. Mu biyar a mota daga nan zuwa Akra, mu bi Aflawo, Lome, Kwatano, Seme, Legas, sannan mu hau arewa, da jaririya a hannu, ba ƙaramin abu ba ne. Na biyu, in muka tafi babu wanda zai riƙe mutanen nan. Kirsimeti ne lokacin da wanda bai samu kuɗin komawa garinsu ba yake zama shi kaɗai a ɗaki. Bara tukunya biyu na dafa, muka ci mu fiye da arba'in. Na ji Gwaggo tana cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ki ce mata ban bar gida ba, aike aka yi ni, kuma tana cikin waɗanda suka ɗora mana hannu ranar da aka sallame mu. Wanda kuma yake cewa muna ƙasar waje muna cin daɗi, ya zo ya ga Malam yana gyaran keken ɗinki ran Litinin don mu sami na gawayi.

Jikokinki suna lafiya. Babban yana aji uku, Tuwi a bakinsa kamar Batone, shi ke yi mini ciniki a kasuwa. Ƙanwarsa kuwa ta kwashi Hausar Zango tsaf, wadda ba ta raba mace da namiji. Jiya ta shigo da gudu ta ce, "Mama, Hajiya ya ce ka zo." Na gyara mata har na gaji. In kun yi waya ta ce miki "Kaka, ka ci abinci?" kada ki ce ba a yi mata tarbiyya ba, haka kowa ke yi a nan. Fufu sun iya haɗiya ba tauna, ni har yau sai na rufe ido.

In mai goron zai dawo, ki haɗo mini daddawa taki ta hannu, da kuka, da busasshiyar kuɓewa. Akwai su a kasuwar Aboabo amma ba ɗaya ba ne. Auta, ka je wajen shugabar Zumuntar Mata ka roƙa mana Littafin Waƙoƙi ko guda biyar ne, ko tsofaffi, don namu uku ne ake zagayawa da su, bangon ɗaya ma ya cire. In akwai tulun kiɗa da ba a amfani da shi, a naɗe shi da tsumma sosai. Matanmu da bokitin roba suke kiɗa.

Saura saƙon Hajiya, ta sa na yi mata alkawari sau uku. Kakanta Bakatsine ne, ya zo fataucin goro ta Salaga da jakuna, bai koma ba. Ita a nan aka haife ta, ba ta taɓa taka ƙasar Hausa ba, kullum da yamma sai ta sa ni in ba ta labarin Katsina, wai da gaske ne ana ganin gari tun daga nesa babu daji ya tare? A 1969, da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fita daga Gana, yayanta ya hau babbar mota da matarsa, ya ce zai nemi dangin kakansu a wajen Ƙafur. Tana yarinya a lokacin. Wasiƙa ɗaya suka samu, shi ke nan. Na ce mata ƙasar da faɗi, shekarun kuma da yawa, ta ce ai Baba ya san tsofaffi. Don Allah ki sa shi ya tambaya ranar kasuwa, ko akwai gidan da ake ce wa gidan 'yan Gana, ko wani tsoho da ya dawo daga Kumasi a wancan lokaci, mai tabon ƙuna a hannun hagu. Sunansa da na ubansu na rubuta a 'yar takardar da na saka cikin ƙullin goron. Farin na Baba ne, jan ki raba wa matan zumunta.

Lami ta farka. Malam yana gaishe ki da Baba, ya ce a gaida dattawan ikkilisiya. Ki riƙa shafa man nan a ƙafar, ki bar zuwa rafi, ga yara nan.

Ni ce 'yarki,
Maman Lami