Zuwa ga mutumina, kan batun matse bakin kwanso

Salamu alaikum mutumina, ya gida, ya iyali, ya ƙafar Baba? Shirun ya yi yawa har na fara jin nauyin rubuto maka, amma abin da ya faru da ni makon jiya ba zan iya riƙe shi ni kaɗai ba, kuma dama akwai tambayar da nake son yi maka, bari dai in fara da labarin.

Ka san 'yar Winchester 94 ɗin nan tawa ta .30-30 da kake ce wa tsohuwa. To na haɗa mata harsasai guda 20 da hannuna, wato na zuba albarushi a kwanso (ɓawon ƙarfen harsashi) na ɗora kan dalma mai nauyin giren 170 (giren ma'aunin nauyi ne) mai faffaɗan baki, na cika bututun nan na ƙasa da ake jera harsasai a ciki, na harba biyu, sai wani abu ya ce min in fitar da sauran in duba. Wallahi sai da gabana ya faɗi. Guda biyu kan ya nutse cikin kwanso, zoben tsagar nan da ake matse baki a kai ya shige ciki gaba ɗaya ba ka ganinsa. Na jera su a kan tebur kusa da sababbi, da ido kawai kana ganin sun fi gajarta. Ka san abin da hakan ke nufi, in kai ya nutse wurin da albarushi zai ƙone ya ragu, matsi ya hau, ga fuskar mutum dab da bindiga.

Na zauna ina tunani, ai a bindiga mai liba, wato mai mariƙin da ake ja ƙasa a ɗana ta, harsasan a jere suke cikin bututu, bakin wannan a gindin wancan, sifirin na tura su daga gaba, duk harbi kuma bindigar ta yi shuri su daki juna. In bakin kwanso bai kama kan da kyau ba dole ya shige. Shi ya sa ma tun asali ba a sa mai tsinin baki a irin wannan bututu, don kar tsinin ya daki firaimar na gabansa, wato 'yar hular gindin kwanso mai kunna albarushi, sai dai irin FTX ɗin Hornady mai bakin roba. Wannan na sani tuntuni. Abin da ya wuce ni shi ne kwansunan ba tsawonsu ɗaya ba. Na auna, wasu sun kai inci 2.039 wanda shi ne iyaka, wasu sun gaza sosai, don an harba su sau daban-daban kuma bindiga mai liba tana miƙar da kwanso tunda makullinta a baya yake. To dai ɗin (die, wato ƙarfen da ake cusa kwanso a ciki) da ke lanƙwasa baki a tsayi ɗaya ake saita shi, dogo ya matsu, gajere ya wuce ko taɓa shi bai yi ba.

Sai na ƙara sauke dai ɗin don ya kama gajerun, nan kuma dogayen suka lotsa a kafaɗa, wuyan .30-30 siriri ne kamar takarda, guda huɗu suka ƙi shiga ɗakin bindigar, wato inda harsashi ke zama kafin harbi, sam. Ranar raina ya ɓaci sosai. Washegari na natsu na datse su duka zuwa 2.029, na raba aikin biyu, in zaunar da kan tukuna, sannan in matse da Factory Crimp Die na Lee, shi daga gefe yake damƙa ba daga sama yake dannawa ba, don haka ba ya lotsa kafaɗa. Na ɗauki guda ɗaya marar albarushi marar firaima na danna bakinsa a jikin katako da iya ƙarfina, na sake aunawa, ko gezau. Kai, daɗin da na ji!

Af, Dogo ya zo shekaranjiya wai a gaishe ka, har yanzu yana kan bakansa cewa ba kai ka harbi gwangwanin nan ba, iska ce ta kayar da shi. Ni dai na ce masa in ka dawo ku ƙarata. Ya yi aure fa, ko ba ka ji ba? Kuma ƙanin nan nasa ya gama makaranta.

Yauwa, albarushi. Nan ne nake son ka saurare ni da kyau don na ji an ce ka sayi Marlin 1895 ta .45-70, kai da hannunka ke rawa in an ce sabon abu. Ni a .30-30 IMR 3031 nake amfani da shi kuma ban ga dalilin canzawa ba, yana cika kwanso daidai, saurin ƙonewarsa matsakaici ne, ko da yake ƙwayarsa dogaye ce tana maƙalewa a mazubi sai na riƙa auna kowanne a sikeli. Taka kuwa mutane sun fi zuwa ga IMR 4198 ko Reloder 7, amma don Allah ka duba littafin kamfani da kyau, awon .45-70 kashi uku suke raba shi, na tsohuwar Trapdoor ta 1873 mai rauni, na masu liba irin taka, sannan na Ruger No. 1 mai ƙarfi. Kar idonka ya sauka a shafi na uku ka ce ai duk .45-70 ce. Ka fara daga mafi ƙarancin awon da suka rubuta ka hau a hankali, kuma kar ka ɗauki awo daga bakin kowa, har ni.

Abin da ya fi damuna da kwansonka girmansa ne, an yi shi ne don giren 70 na baƙin albarushi, to in ka zuba ɗan kaɗan na mai saurin ci irin na ƙaramar bindiga, ka zuba sau biyu ma ba za ka lura ba. Ni yanzu kafin in ɗora kai sai na haska tocila cikin kowane kwanso na ga tsayin albarushin ya zo ɗaya. Gwangwanin albarushi ɗaya tak nake bari a kan tebur. Kuma 'yar .44 Magnum ɗin nan taka, in har yanzu albarushin H110 kake sa mata, shi ba a rage shi ƙasa da abin da littafi ya ce, kuma yana son matsi mai ƙarfi a baki kafin ya kama da kyau, ka ga maganar ta sake dawowa kan kwanso.

Ka rubuto min tsawon da kwansunanka suke bayan harbi uku, ina son in gani ko ita ma Marlin tana miƙar da su haka. A gaida Maman yara, ka ce wa ƙaramin ina nan da alƙawarinsa.

Naka har kullum.