Siminti Ba Ya Gyara Tsoffin Ɗakunan Ibada na Ely

Ranka ya daɗe Edita,

A garin Ely na Ingila akwai ƙaramin ɗakin ibada da Firaya Crauden, shugaban sufayen Kirista na wurin, ya gina wajen 1324, da babban ɗakin ibada mai sunan Maryama da aka kammala a 1349. An sassaƙa adon ciki da dutsen alli mai laushi, mai shan ruwa. Idan aka cike tsagar irin wannan bango da siminti, danshi ba ya samun mafita, sai sanyin hunturu ya daskarar da shi, fuskar dutsen ta ɓantare. Abin takaici ne ƙwarai. Kwaɓin da ya dace shi ne farar ƙasa awo ɗaya, yashi awo uku, a rufe da jiƙaƙƙen buhu ya bushe a hankali. Kafin nan a fara yashe indararo, don kada ruwan sama ya riƙa jiƙa bangon.

Naka,
Mai karatu