A Riƙa Kai Ƙululun Wuya Ɗakin Gwaji Bayan Tiyata

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini domin in ja hankalin jama'ar Kano, musamman iyaye da masu ƙananan asibitoci, game da wani ƙululu da ke fitowa a tsakiyar wuya, tsakanin haɓa da maƙogwaro, wanda mutane da yawa ke ɗauka maƙoƙo ne ko maruru.

Asalinsa tun daga cikin uwa ne. Halittar da likitoci ke kira tayirod, wato wadda in ta kumbura take zama maƙoƙo, tana fara samuwa a gindin harshe tun ciki yana ɗan makonni kaɗan, sannan ta gangaro mazauninta a gaban wuya wajen mako na 7, hanyar da ta biyo kuma ta shafe. Idan wani ɓangaren hanyar ya saura, sai ruwa ya taru a ciki ya zama ƙululu, wanda ake gane shi da yadda yake yin sama idan mutum ya haɗiyi yawu ko ya zaro harshe.

Yawancinsa ba ciwon daji ba ne. Amma kusan 1 cikin 100 yakan ɓoye sankara a cikinsa, galibi ga manya, kuma mafi yawa irin wadda ke kama tayirod ce, mai tafiyar hawainiya, wadda ake warkewa daga gare ta idan an yi aiki yadda ya kamata. Abin damuwar shi ne, mai sankara da marar sankara kusan kama ɗaya suke a ido da taɓawa. Taurin ƙululun, ko saurin girmansa, ko fitowar kaluluwa a gefen wuya sukan sa likita zargi, amma sikanin da gwajin da ake zuƙo ruwan da allura duk suna iya kuskure sankarar, shi ya sa akasari sai bayan an cire ƙululun an duba tsokar a madubin likita ake ganowa.

Tiyatar da ta dace sananniya ce tun shekarar 1920, lokacin da wani likita a Amurka, Walter Sistrunk, ya nuna cewa dole a cire ƙululun tare da tsakiyar ɗan ƙashin da ke ƙarƙashin harshe, a bi sauran hanyar har gindin harshen. Idan ƙululun kaɗai aka yanke, kusan rabin masu shi yakan dawo musu. Kafin aikin ma wajibi ne a yi sikanin a tabbatar tayirod ɗin tana mazauninta, domin akwai wanda abin da ke cikin kumburin shi ne iyakar tayirod ɗinsa. In gwaji ya nuna sankara ƙarama ce ba ta bazu ba, sau da yawa wannan tiyata ta wadatar, sai dai a ci gaba da zuwa ganin likita. In kuwa ta yi girma ko ta kai ga kaluluwa, akan cire tayirod gaba ɗaya, wani lokaci a bi da maganin aidin mai tururin nukiliya.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake tsaga irin wannan kumburi wajen wanzami ko a kemis, a matse ruwan, a bar mutum da ƙofa mai tsatsafo da ruwa wadda ke ƙara wahalar da tiyatar gaba. Wasu kuma an yi musu aiki lafiya, amma sai a zubar da tsokar don gudun kuɗin gwaji, ko a kai ta a ƙi komawa karɓar sakamako tunda ciwo ya warke. Alhali a nan cikin birni, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da likitocin kunne da hanci da maƙogwaro, yana kuma da sashen gwajin tsoka.

Ina kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kano da ta wajabta wa kowane asibiti tura duk ƙululun da aka cire daga wuya zuwa ɗakin gwaji, a sa kuɗinsa cikin kuɗin tiyata tun farko, kuma kada a rufe fayil ɗin majinyaci sai an kira shi an karanta masa sakamakon.

Wassalam.

Naka,
Wani mai karatu daga Birnin Kano