Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobi: Horon Jiki da Jagoranci

'Yan uwa mambobi, assalamu alaikum. A madadin kwamitin gudanarwa, ga bayanin yadda shekararmu ta kasance.

Horon mako-mako ya gudana yadda aka tsara, in ban da ɗan lokacin da mai ginin da muke haya ya karɓe ɗakinsa ba tare da sanarwa ba. Mun samu wani, ko da yake bai kai na farko girma ba.

Abin da ya fi cin lokacinmu bana shi ne atisayen kamun wuyan hannu, wanda muka ɗauko daga aikido, wasan kare kai da Morihei Ueshiba ya kafa a Japan. Tuni malamai irin su Richard Strozzi-Heckler da Wendy Palmer a Amurka suka shigar da aikido cikin horar da shugabanni. Abokin horo zai damƙe hannunka ba zato, kai kuma ka lura da abin da jikinka ya yi. Wani ya fizge, wani ya tura, wani ya sandare kamar an dasa shi. Na tsaya kusa da wata mambarmu, shugabar makaranta, ranar da aka fara kama ta. Kafaɗunta suka tashi har kusa da kunne, ta cije haƙora, numfashi ya ɗauke. Da aka sake ta sai ta yi shiru, can ta ce haka take yi duk ranar da wani malami ya musa mata a taro, kuma ba ta taɓa lura ba. Daga nan gyara ya fara: ta sauke kafaɗa, ta ji tafin ƙafarta a ƙasa, ta fitar da numfashi a hankali ya fi shaƙarsa tsawo. Wannan ba siddabaru ba ne. Firgici na sa jiki ya saki sinadarin adiranalin, zuciya ta yi sauri, fitar da numfashi a hankali kuma yana rage bugunta. A ganina babu darasin da ya amfane mu kamar wannan.

A laccocinmu mun tsaya kan Jigoro Kano, wanda ya kafa makarantar Kodokan ta judo, wani salon kokawa na Japan, a Tokiyo a 1882, da ƙa'idojinsa biyu: kada a ɓarnatar da ƙarfi, kuma kai da abokin karawarka ku amfana tare. A judo faɗuwa ake fara koyo kafin kayarwa. Manyanmu masu riƙe da ofisoshi sun fi kowa shan wuya a nan, don faɗuwa gaban na ƙasa da su tana musu nauyi.

Akwai abin da muka cire daga littafin horonmu, kuma wajibi ne ku ji dalili. Mun daɗe muna koyar da cewa tsayuwar buɗe ƙirji ta minti 2 tana ƙara testosteron, sinadarin jiki da ake dangantawa da nuna iko, ta rage kotizol, sinadarin da jiki ke saki lokacin damuwa, bisa binciken Dana Carney da Amy Cuddy da Andy Yap na 2010. A 2015 Eva Ranehill da abokan aikinta sun maimaita gwajin da mutum 200, ba su ga wannan canji a sinadaran ba. A 2016 Carney da kanta ta ce ta daina yarda da sakamakon. Wasu mambobi ba su ji daɗin cirewar ba, na kuma fahimce su, amma ba za mu ci gaba da faɗa wa mutane abin da hujjarsa ta raunana ba.

Inda muka gaza: har yanzu ajin mata ba shi da ƙwararriyar malama ta dindindin, kuma an samu rauni a kafaɗa saboda gaggawar da muka yi da sababbin shiga. Laifin namu ne, mu masu koyarwa. Don haka daga shekara mai zuwa, sabon mamba zai yi watansa na farko yana koyon faɗuwa da numfashi kawai. Ma'aji zai gabatar da lissafin kuɗi a babban taro, inda za mu yanke shawara kan sauya katifun da suka lotse.